Jigon Wurin Aiki a Finafinan Batsa da Inuwarsa a Kan Ma'aikata: Misali Daga Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta ɗauko abu ne da bakin Bahaushe ba ya son furtawa a bainar jama'a, balle a gaban malamansa. Saboda haka muna neman ahuwa daga mahalarta taro tun kafin mu shiga. Amma dai an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma zauren ilmi irin wannan shi ne wurin da ya dace a faɗi abin da ake raɗa a bayan fage.

Finafinan da muke nufi su ne na batsa, waɗanda jama'a ke kira bulufim. Ba za mu kama sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba kuwa za mu siffanta abin da ake nunawa a ciki ba. Hukuncinsu a addini da al'ada sananne ne, ba ya bukatar ƙari daga gare mu. Abin da ya dame mu shi ne ɗan guntun labarin da akan yafa musu, domin mai nazarin adabi ya san cewa ko labarin da ya fi kowane lalacewa yana da jigo, jigo kuwa yakan zauna a zuciyar mai kallo bayan an kashe na'ura. Daga cikin jigogin da suka fi yawan maimaituwa a waɗannan finafinai akwai na wurin aiki: maigidan ofis da sakatariyarsa, likita da ma'aikaciyar jinya, malamin jami'a da ɗalibarsa, mai kaki da wadda ya tsare. Manufarmu ita ce mu nuna yadda aka gina wannan jigo, da dalilin da ya sa bai zo wa Bahaushe a baƙo ba, sa'an nan mu auna shi da wani wurin aiki na zahiri, watau mashigar iyaka ta Jibiya a Jihar Katsina. Mun zaɓi Jibiya ne domin a can kaki da hatimi da shinge ba kayan wasan kwaikwayo ba ne, a kansu abincin mutane yake.

2.0 Yadda Aka Gina Jigon

Ƙasar Denmak ce ta fara halatta hotunan batsa ga manya a 1969. Daga nan har cikin shekarun 1970 aka riƙa nuna irin waɗannan finafinai a gidajen silima na Turai da Amurka, kuma a wannan zamani ne suka fi kusa da samun cikakken labari mai farko da ƙarshe. Wani ɓangare na dalilin haka na shari'a ne. Kotunan Amurka sun daɗe suna auna aiki da cewa ko yana da wani amfani in an dube shi gaba ɗaya, har Kotun Ƙolin ƙasar ta tsayar da ma'auni a 1973, a shari'ar Mila da Jihar Kalifoniya. Mai shirya fim da ke tsoron kotu sai ya nemi labarin da zai fake da shi. Da kaset ɗin bidiyo na VHS ya fito a 1976, kallo ya tashi daga silima ya koma ɗaki, kuɗin shiryawa ya faɗi, labari kuma ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma 'yan mintoci a farkon fim. Zuwan intanet bai ƙara masa komai ba sai gajarta. Yau sau da yawa abin da ya rage na labari shi ne take da tufafi kurum.

Wata malamar nazarin fim a Amurka, Linda Williams, a littafinta Hard Core na 1989, ta kwatanta zubin waɗannan finafinai da na finafinan rawa da waƙa, inda labari yake zama gada kawai daga wannan waƙa zuwa waccan. In haka ne, mai shiryawa yana bukatar gada mafi araha kuma mafi gajarta. Wurin aiki ya biya masa wannan bukata fiye da ko'ina. Ɗaki ɗaya da tebur da kujera mai juyawa sun isa ofis. Farar riga da abin sauraren ƙirji sun isa asibiti. Kaki da hula sun isa caji ofis. Kuma ba sai an ɓata lokaci wajen bayyana yadda namiji da mace suka haɗu suka keɓe ba, aiki ne ya haɗa su.

Akwai wata fa'ida da tufafin aiki ke da ita wadda ta shafe mu kai tsaye. Kaki ba ya bukatar tafinta. Saurayin da bai iya Ingilishi ko Faransanci ba, da ya ga hula da igiya a kafaɗa ya san wane ne mai iko, wace ce ke ƙarƙashinsa. Watau daga duk abin da ke cikin ɗan labarin, bambancin matsayi ne kaɗai ke ƙetare iyakar harshe ba tare da ya zube a hanya ba. Barkwancin da ke cikin maganar, in ma akwai shi, ba ya isowa. Ikon ne ke isowa.

To, me wannan jigo ke yi wa wurin aiki? A ganinmu zarewa yake yi, ba ƙari ba. Da farko yakan zare aikin kansa. Ofis ne babu fayil da ke jiran sa hannu, asibiti ne babu mai naƙuda a kan benci. Sa'an nan yakan zare ƙi. Wadda ke ƙarƙashi ba ta taɓa cewa a'a har ta tsaya a kai. In ta nuna ƙi, to somin yarda ne, kuma wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace haɗari a cikin jigon. Abu na ƙarshe da yakan zare shi ne gobe. Babu ciki, babu cuta, babu takardar tuhuma, babu kora, babu tsegumin abokan aiki, babu miji ko uba da labari zai je wa. Da an zare waɗannan sai a bar iko tsagwaronsa, a sa masa rigar yarda.

Abin lura shi ne a daidai shekarun da wannan jigo ke bunƙasa a kaset, masana shari'a a ƙasar da ta fi yin sa suna ƙoƙarin tuɓe masa rigar. A 1979 Catharine MacKinnon ta fitar da littafinta a kan cin zarafin mata ma'aikata, inda ta bambanta iri biyu: na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, watau a ɗora ɗaukar aiki ko ƙarin girma a kan biyan bukatar maigida, da kuma na mayar da wurin aiki wurin da mace ba ta iya zama cikinsa da kwanciyar hankali. A 1986 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wata ma'aikaciyar banki da shugabanta, ta ce abin tambaya ba shi ne ko macen ta bi ba, a'a, ko ta yi maraba da neman tun asali. Mai tsoron rasa abincinsa yana iya bi, bin nan kuwa ba yarda ba ce.

3.0 Bariki

Bai kamata mu ɗora wa baƙon fim laifin duka ba. Ya zo ne ya tarar da zato yana jiransa, kuma harshenmu shi ne shaida.

Wurin sana'ar matar aure a ƙasar Hausa, tun da daɗewa, cikin gidanta ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: mata na sayar da hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci daga cikin gida, yara na kai da kawowa. Renée Pittin kuma, a bincikenta na birnin Katsina da ta fara a shekarun 1970, ta nuna yadda ake auna mutuncin mace da inda take zaune da kuma wanda take ƙarƙashin kulawarsa. Aikin albashi da Turawa suka kawo ya zo da wani fili sabo, wanda ba gida ba ne, ba gona ba, ba kuwa kasuwa ba. Sunan da aka ba wannan fili shi ne bariki. Asalin kalmar mazaunin soja take nufi a Ingilishi. Ta faɗaɗa ta haɗa da masaukin Bature da unguwar ma'aikatan gwamnati. Amma dubi 'ya'yan da ta haifa: ɗan bariki, 'yar bariki, barikanci, shiga bariki, har da karin maganar nan da ke cewa bariki lahirar makwaɗaita. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'anar wurin aikin hukuma da ma'anar lalacewa, ba ta ga wani saɓani ba. Haka tasha ta samu nata rabo, har kiran mutum ɗan tasha ya zama zagi, mai sayar da tuwo a can kuma ta shiga bakin duniya ko da ba ta yi komai ba.

A adabinmu na baka ma akwai labaran kwartanci da na makircin mata, irin waɗanda Frank Edgar ya tattara wasunsu a littattafansa uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913. Sai dai akwai bambanci babba. A irin labaran nan na hira, mai matsayi da ya bi dare sau da yawa shi ke ƙarewa a cikin rumbu ko ƙarƙashin gado, gari ya waye ana yi masa dariya. Labarinmu yana da gobe, goben kuwa ta kunya ce. Baƙon fim ya ɗauke wannan dariya, ya bar mai iko da ladan ikonsa.

Wajibi ne a nan mu taɓo finafinan Hausa, amma da sharaɗi. Ba na batsa ba ne, kuma duk wanda ya haɗa su da waɗancan ya zalunce su. Tun daga Turmin Danya na 1990 suke ƙarƙashin idon jama'a, daga 2001 kuma ƙarƙashin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, inda ko taɓa hannu tsakanin namiji da mace ba a yarda da shi ba. Duk da haka mai kallo da ya lura zai ga cewa ofishin fim ɗin Hausa shi ma sau da yawa fanko ne. Ga Alhaji a bayan ƙaton tebur, ga waya, ga littafin cek, amma har fim ya ƙare ba ka san abin da kamfanin yake sayarwa ba. Yarinya ta zo neman aiki, kafin ta ajiye takardunta an yanke zuwa lambu ana waƙa. Brian Larkin ya nuna tun 1997 yadda finafinan Indiya suka ba masu kallo na Kano filin yin mafarkin soyayya ba tare da sun zama Turawa ba, kuma waƙar lambu daga can aka gado ta. Fim ɗin Hausa yakan dawo da goben da baƙon fim ya zare: a yi aure, ko uwargida ta tayar da ƙura, ko asiri ya tonu. Amma darasin da ke ƙasa bai canja sosai ba, watau hanyar ma'aikaciya a wurin maigidanta take ƙarewa. Ba kasafai muke ganin akawu mace da fim ya damu da lissafinta ba.

Abin da ya faru a 2007 ya isa misali na yadda jama'a ke karanta wannan darasi. Wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da wayar hannu, wanda ya shafi wata 'yar fim, ya bazu a Kano. Ba a wurin ɗaukar fim aka yi shi ba, ba kuwa kamfanin fim ne ya yi shi ba. Amma sana'ar gaba ɗaya aka hukunta, aka dakatar da shirya finafinai na tsawon watanni, sunan macen ya zama abin zagi a titi, na namijin kuwa mutane kaɗan ne suka riƙe shi.

4.0 Jibiya

Jibiya na arewa maso yamma da birnin Katsina, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota in ba don shingayen hanya ba. Mashigar hukuma tana Magama. In an ƙetare sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu ɗaya ne. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka nufa suka kafa Maraɗi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Saboda haka mai ƙetare wannan iyaka sau da yawa ba baƙo ba ne, biki za ta, ko ta'aziyya, ko kasuwa.

A kan wannan layi ma'aikata suke zaune. A ɓangaren Nijeriya akwai kwastan da 'yan shige-da-fice da 'yan sanda da sojoji da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi da ma'aikatan lafiya. A ɓangaren Nijar akwai duwan da jandarma da 'yan sanda. Kewaye da su akwai waɗanda ba su da kaki amma nan ne ofishinsu: direbobi, 'yan kamasho, 'yan dako, 'yan acaɓa, 'yan canjin naira da sefa, da mata masu abinci. Aikin da kansa ba shi da wani armashi. Duba takarda ne, ƙirga buhu, leƙa ƙarƙashin tirela, rubutu a rajista, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, a yankin da 'yan bindiga suka daɗe suna addaba. Babu mai shirya fim da zai ɓata kaset a kan wannan.

Sai mu dubi abin da shekarun baya-bayan nan suka yi wa wurin. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, a farkon 2017 aka hana motoci. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya kuwa tana ciki. Da aka buɗe wasu mashigai a Disamban 2020 ba a sa Jibiya ba, sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ginshiƙin zirga-zirgar jama'a ba biza.

Ba tarihin tattalin arziki muke son bayarwa ba. Abin da muke son a gani shi ne, duk lokacin da aka ƙara haramci, abin da jiya halal ne yau ya zama fasa-ƙwauri, kuma kalmar nan guda ta "wuce" da ke bakin mai tsaron shinge sai ta ƙara tsada. Babban ɗan kasuwa yana da wakili da lauya da lambar wayar manya. Wadda ba ta da kowa ita ce mai ɗan ƙullin shinkafa ko taliya ko galan biyu na man girki, wadda jarinta na adashe ne ko bashin maƙwabciya. To, ga mai kaki, ga wadda ya tsare, ga wuri nesa da idon danginta, ga abin da take bukata a hannunsa. Duk kayan da baƙon fim ke haɗa jigonsa da su sun hallara, ba a rasa ko ɗaya ba. Abin da ya bambanta shi ne a nan ba a zare komai ba. Aikin yana nan, ƙin yana nan, goben ma tana nan, da 'ya'yan da ke jiran tuwon dare da mai adashe da za ta zo da safe. Abin da fim ya kira sha'awa, a bakin shinge sunansa ƙwace.

Kada a fahimce mu da cewa muna tuhumar ma'aikatan Jibiya. Da yawansu mutanen kirki ne da ke aiki nesa da iyalinsu, a bakin ransu. Maganarmu a kan tsarin wurin take, kuma ba Jibiya kaɗai ba. Rahotannin Bankin Duniya da na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan mata masu ƙaramin ciniki a iyakokin Afirka sun sha ambaton karɓar na goro da cin zarafi a mashigai. Ba kuma muna cewa kallon fim ne ke mayar da mutum azzalumi ba; zalunci ya girmi majigi. Abin da jigon ke yi shi ne ya tanadar wa mai iko hujja tun kafin ya bukace ta, ya raɗa masa cewa ƙin da ya gani na baki ne, kuma ita ma da ma abin da ya kawo ta ke nan. Ɗan saurayin da aka ɗauka aiki yana da shekara ashirin da 'yan kai, aka ba shi kaki aka tura shi daji, in wannan ne labarin kaki da ya fi yawan gani, to ya sami malami tun kafin ya shiga makarantar horo.

Akwai wani abin mamaki a nan. A jerin kayan da dokar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata akwai hotuna da littattafai da duk wasu kayan batsa. Watau tsare wannan kaya yana cikin aikin mai tsaron iyaka. A zamanin mujalla da kaset dokar tana da abin kamawa, domin sai an ɗauko abu a jaka. Yau kuwa yana cikin katin waya da bai kai farcen yatsa ba, ko ya bi iska ya wuce ta kan shingen. Ko a ƙarshen 2021, da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, abin da ya riga ya sauka a waya bai bukaci layi ba kafin ya koma wata; wayoyi biyu a kusa da juna sun isa.

5.0 Wa Ke Biya?

Da a kan mai ƙullin shinkafa kaɗai abin ya tsaya, da ma ya isa abin damuwa. Amma inuwar jigon ta fi faɗawa a kan wadda ta sa kakin ita kanta, ko farar rigar asibiti, ko ta riƙe alli. Ita ba ta kalli fim ɗin ba. Wanda zai aure ta ne ya kalla, ko wanta, ko abokan hirar mahaifinta, kuma su ne za a tambaya ranar da takardar ɗaukar aiki ta fito aka ga an tura ta bakin iyaka, ko aka ce za ta riƙa kwanan asibiti. Mu da ke koyarwa a kwalejojin ilmi mun san wannan zance. Mun ga ɗalibai masu ƙwazo da suka kammala karatu takardar ta kwanta a ƙasan akwati, kuma in ka bi diddigi ba ƙin ilmi ba ne, zato ne a kan abin da ake yi a ofis. Ba za mu wanke namu gidan ba: shirin da BBC ta fitar a 2019 a kan malaman jami'a masu sayar da maki da mutuncin ɗalibai, a Legas da Gana, ya nuna cewa zaton iyaye ba daga iska ya faɗo ba. Sai dai maganin da suke zaɓa, watau janye 'yar, ita yake hukuntawa, ya bar malamin a kujerarsa.

A nan ne abin yake cin kansa. Matafiyar da ta iso Magama, in bincike ya kama, mace ce ya kamata ta duba jikinta da kayanta. Mai naƙuda a ƙauyen Jibiya, sau da yawa ita da mijinta sun fi son mace ta karɓi haihuwar, wani lokaci ma gara a zauna gida da a je wurin namiji. Ƙarancin mata ma'aikatan lafiya a Arewa shi ya sa aka kafa wani shiri na musamman da tallafin Ingila a 2012 domin horar da su, Katsina kuwa tana cikin jihohin da ya shafa. To, in zato ya hana mata shiga waɗannan ayyuka, wa zai rage a bakin shinge da ɗakin haihuwa? Maza zalla. Ke nan zaton da aka ce don kare mace ake yinsa shi ne ke barin mace ita kaɗai a hannun maza, a daidai wurin da ta fi rauni. A 2024 an naɗa mace, Kemi Nandap, shugabar hukumar shige-da-fice ta ƙasa, ba kuwa ita ce mace ta farko a kujerar ba. Amma kujerar Abuja ba ta bincika jakar kowa a Magama.

Ta fuskar doka ba a rasa abin riƙewa ba. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, akwai kuma yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi a wurin aiki, wadda aka zartar a 2019, Nijeriya ta amince da ita a 2022. Abin sha'awa a wannan yarjejeniya shi ne ba ta tsaya ga mai albashi ba, ta haɗa da mai neman aiki da mai koyon aiki da masu sana'ar da ba ta da rajista. Hukumomin tace finafinai kuwa, ta tarayya da aka kafa da dokar 1993 da ta Kano, hannunsu yana kaiwa ne ga mai shirya fim da ke da adireshi. Wanda ya fi ɓarna ba shi da shi. Shi ya sa muke ganin ƙarfin da ake kashewa wajen auna tsawon mayafin 'yar fim, da an karkatar da rabinsa wajen tambayar marubutan labari me ya sa ma'aikaciyarsu ba ta taɓa yin aiki, da an fi cin riba.

Tun da jigon a kan keɓewa da ikon mutum ɗaya yake tsaye, to ana iya rage masa ƙafa da abubuwan da ba su da tsada: teburin bincike a fili inda kowa ke gani, kuɗin fito a rubuce da Hausa a jikin bango, da boko da ajami, rasit ga duk abin da aka karɓa ko aka kama, jami'a mace a kowane zubin aiki, da wurin kai ƙara wanda ba ofishin wanda ake ƙara ba ne. Mu kuma malaman adabi, ɗalibin da muka koya wa ya tambayi labari me ya ɓoye, ba me ya nuna kawai ba, zai iya yi wa kowane fim wannan tambaya, har wanda ba zai taɓa gaya mana ya kalla ba.

Maganar ba ta nesa ba ce. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tashar jirgi a bakin iyaka tana nufin masu sayar da tikiti, da masu duba fasfo, da masu binciken kaya, da ɗakin shan magani, kuma rabin fasinjojin ko fiye suna iya zama mata masu zuwa biki da kasuwa. Za a bukaci 'yan matan Jibiya da suka yi karatu su cika takardun neman waɗannan ayyuka, kowace takarda kuwa sai ta bi ta zauren gidansu kafin ta isa ofis.